ABIN DA KE CIKIN BUHU

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya yi wa makiyaya da fataken dabbobi a taron shiga rani



Iyayenmu ardo da garso, malamai, shugabannin mata, fatake da dillalan kasuwar shanu, ƴan uwana makiyaya, ina yi muku barka da zuwa. Na san akwai waɗanda suka bar garke a hannun yara suka yi tafiyar yini guda. Allah ya sa ku koma ku tarar da su lafiya.

Maganar burtali da ta rijiyoyi an ba wasu su yi. Ni tawa a kan buhun abincin dabba ce, wanda muke saye da kuɗinmu.

Kakanninmu ba su san sayen abincin saniya ba. Akwai ciyawa, akwai kara da harawa, sai ɗan gishiri da kanwa. Tun farin 1973 da na 1984 abu ya sake. Gonaki sun ci wuraren kiwo, daji ya ƙuntata. Yanzu daga watan Maris har saukar ruwa, wanda bai sayi dusa ko tunkuza ko gurya ba, shanunsa sai an tada su da wutsiya. Mai kiwon turka kuwa kullum yana bakin mangaza. To, wa ya san abin da ke cikin buhun?

Zan fara da labarin karnuka da kyanwoyin Turawa. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa mu shi ne, masara da alkama da tunkuzar da ake haɗa abincin karensu, irinsu ne ake zuba mana cikin buhu. Kuma mai son cin riba da algus halinsa ɗaya ne ko'ina.

A watan Maris na 2007, karnuka da kyanwoyi suka yi ta mutuwa a Amurka da Kanada. Ƙoda ce take tsayawa. Wani kamfani mai suna Menu Foods ya janye gwangwani da leda kamar miliyan 60 daga kantuna. Da aka bi diddigi sai aka gano laifin yana cikin wani garin alkama da aka sayo daga Sin. An zuba masa melamin, wato sinadarin da ake yin faranti da kofin roba mai tauri da shi. Don me aka zuba? Awon da ake yi don sanin ƙarfin abinci, wato furotin mai gina jiki, wani abu yake ƙirgawa mai suna nitirojin. Melamin cike yake da shi, kuma yana da araha. Sai gari maras ƙarfi ya fito a takarda kamar mai kyau, a sayar da shi da tsada. A cikin dabba kuwa melamin ya haɗu da wani ɗan uwansa, su zama tsakuwa su toshe ƙoda.

Abin bai tsaya ga karnuka ba. Ragowar wannan abinci an sayar wa masu kiwon aladu da kaji. Da shekara ta zagayo, a 2008, sai ga melamin cikin madarar jarirai a ƙasar Sin. Ana ƙara wa madara ruwa, a zuba shi don ya rufe asiri. Yara wajen 300,000 suka kamu, sama da 50,000 aka kwantar a asibiti, aƙalla 6 suka rasu. Abin da ya fara da kare ya ƙare ga ɗan mutum.

Na biyu ya fi kusa da mu, shi ne funfuna. Akwai wata irin funfuna da ke kama masara da gyaɗa da gurya in zafi da laima sun haɗu. Tana fitar da guba da likitoci ke kira afulatoksin, mai lalata hanta. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A ƙarshen 2020 ta sake ɓulla a Amurka cikin abincin kare mai suna Sportmix, dabbobi sama da 100 suka mutu. A Kenya kuwa, a 2004, mutane ne suka ci masarar da ta kamu. Mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu.

Ku saurari wannan da kyau, musamman ku mata, don nono a hannunku yake. In saniya ta ci abinci mai wannan guba yau, kafin gobe wani kashi ya fito cikin madararta. Tafasawa ba ta kashe shi. In aka daina ba ta abincin, cikin ƴan kwanaki madarar za ta koma daidai. Amma in aka ci gaba, yaro yana sha kullum kaɗan kaɗan. Binciken da aka yi a Benin da Togo, aka fitar a 2002, ya nuna yaran da gubar ta yi yawa a jininsu sun fi tsumburewa. In an daɗe ana ci, tana kawo ciwon dajin hanta. Mu kuwa al'adarmu, in hatsi ko gyaɗa ta lalace sai a ce a zuba wa dabbobi kar a yi asara. Ashe asarar ce muke juyawa, ta dawo cikin ƙwaryar furar ƴaƴanmu.

Babbar saniya tana iya jurewa ba ta faɗi ba. Alamar da za ka gani ita ce ta rage ci, ta rame, nono ya ja baya, wani lokaci zawo ko idanu su yi rawaya. Maruƙa da ƴan tumaki da kaji su suka fi saurin mutuwa.

Na uku shi ne haukar shanu ta Ingila, da aka gano a 1986. Masu kamfani suna niƙa ƙashi da ragowar naman dabbobi, su haɗa cikin abincin shanu don ya yi ƙarfi. Saniyar da Allah ya halitta don ciyawa aka mai da ta mai cin ƴar uwarta. An hana wannan a 1988, amma cuta ta riga ta bazu. A 1990 aka gan ta ga kyanwa. A 1996 gwamnatinsu ta yarda tana kama mutum. Shanu sama da 180,000 suka kamu, aka kashe fiye da miliyan 4, mutum 178 suka rasu a ƙasar. Shekaru aka yi an rufe wa namansu kasuwannin waje. Fatake, ku kun san abin da rufe iyaka ke nufi.

Waɗannan ƙasashe suna da dokoki da ɗakunan awo da ma'aikata, duk da haka abin ya same su. Mu da buhu ke ƙetare iyaka biyu ko uku kafin ya iso mu, a sauke shi a rana, a juye shi cikin tsohon buhun da ba rubutu, yaya ke nan? In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da muke roƙon kowa ya riƙe.

Da farko, ba a cinikin biri a sama. Ka sa a kwance buhu, ka tura hannu har ƙasa. In ka ji ɗumi ko laima, in ya dunƙule, in yana warin ruma, in ka ga ƙura kore ko baƙa, ka bar shi ko da rabin kuɗi ne. Ka ɗebi dusa cikin hannu ka zuba cikin ƙwaryar ruwa. In an haɗa ta da rairayi zai kwanta a ƙasa. Amma ku sani, buhu yana iya yin kyau a ido alhali gubar tana ciki. Wannan sai ɗakin awo.

Na biyu, ku dubi rubutu. Buhun kirki yana da sunan kamfani, da ranar da aka yi shi, da dabbar da aka yi shi dominta. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da ɗan lakwal. Kada a ba doki ko raƙumi abincin kaji na kamfani. Wani ana sa masa maganin da ake kira monensin, kaza tana ɗauka, amma kaɗan ya ishi doki mutuwa.

Na uku, gurya da tunkuzarta suna da wani abu mai cutar da maraƙi da ɗan tunkiyar da tumbinsu bai ƙosa ba. A bar wa manya, su ma da awo. Abincin da aka sa wa takin yuriya, a fara shi kaɗan kaɗan, kada a jiƙa shi da ruwa, kada a ba dabbar da ta wuni da yunwa. In ya yi yawa yana kashewa cikin awa guda. Irin shuka da aka shafa wa magani mai launi, ba abincin kowa ba ne.

Na huɗu, ajiya. A ɗora buhu bisa itace, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da takin zamani ko maganin ƙwari. Kada a bari ya kwana cikin damina.

Na biyar, sabon kaya a gwada shi ga dabba biyu ko uku na ƴan kwanaki kafin a ba garke duka. Ka ajiye tiya guda da buhun kansa, ka sa mai kanti ya rubuta maka takardar ciniki. In dabbobi suka fara faɗuwa, a tsai da abincin nan take, a daina shan nonon, a kira likitan dabbobi, a sanar da ƙungiya. Kada a yanka a kai kasuwa. In ba buhu ba takarda, ƙararka ba ta da ƙafa, kowa zai ce kwanan dabbarka ne ya ƙare.

Ku ƴan kasuwa, ba faɗa muke da ku ba. Yawancinku ku ma saye kuke yi a rufe. Ku tambayi wanda ya sayar muku kamar yadda muke tambayarku. Addininmu ya hana algus, kuma in garken makiyayi ya ƙare, wa zai sayi dusarku baɗi?

Mu kuma a ƙungiyance, ga abin da nake kawowa gabanku ku yanke. Mutum ɗaya mai sayen buhu biyu ba shi da bakin cewa a auna masa. Amma in rugage ashirin suka haɗa kuɗi suka sayi mota guda, suna iya cewa ba za su biya ba sai an ɗebi samfur an kai awo. Mu nemi ma'aikatar kiwo ta riƙa zagaya mangazu kafin bazara. Mu nemi duk abincin da ke shiga bankunan abincin dabbobi, ko na saye ko na taimako, a auna shi kafin a raba. Kyauta ba ta wanke guba. Haƙƙinmu na hanya da na ruwa muna nemansa shekara da shekaru. Sanin abin da ke cikin buhu shi ma haƙƙi ne, tunda da kuɗin ɗan marakinmu muka saya.

Kowa ya koma ya faɗa wa mutanensa, har da yaran da ke zuba wa dabbobi abinci da safe. Wanda ke da buhun da yake shakka a gida, ya kawo tiya guda ranar kasuwa mai zuwa, mu kai wa likita tare.

Allah ya raba mu da asara, ya kai mu damina da dukiyarmu a tsaye. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.