Harajin Hajar da Ba a Aunawa da Mudu

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai. An umarce ni, a matsayina na ma'aikacin gwamnati, in yi tsokaci kan harajin manhajar kwamfuta da tallan intanet da makamantansu.

A da jihohi ke karɓar harajin sayar da kaya. A 1994 aka maye gurbinsa da VAT, wanda gwamnatin tarayya ke karɓa, kashi 5 cikin 100. A Fabrairun 2020 ya koma 7.5.

Mai rumfa a kasuwar Goronyo kowa na ganinsa. To, kamfanin da ke Amurka fa, wanda ko benci bai ajiye a Shinaka ba? Daga Janairun 2022 aka ɗora wa irinsu nauyin karɓar harajin daga hannunmu su miƙa wa hukuma. Wanda ya tallata albasarsa a Facebook da naira 10,000, zai biya 10,750. Ita albasar ba a biya mata VAT, amma tallanta ana biya.

Ina kuɗin ke zuwa? Dokar 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba tarayya kashi 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. Ashe Wurno da Rabah da Goronyo duk suna da rabo.

Jama'a, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu da aka koya wa lissafi, haƙƙinmu ne mu tambayi shugabanninmu abin da ya shigo da inda ya tafi.