Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Neman Aiki a Ingila Bayan Karatu

Mai girma shugaban taro, malamanmu da suka yi mana tarbiyya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi mana barka da sake haɗuwa.

Sakataren ƙungiya ya nemi in ce wani abu kan neman aiki a ƙasar waje bayan karatu, don ya ji wasu daga cikinmu na shirin sayar da fili su tafi, ko su tura ƙannensu. Ni Ingila na sani, a kanta zan tsaya. Na je digiri na biyu a Satumban 2021, na dawo gida a 2024.

Kuskurena na farko shi ne lokaci. Digiri na biyu a can shekara ɗaya ne, manyan kamfanoni kuwa tun daga Satumba suke fara karɓar takardun waɗanda za su ɗauka baɗi, da yawa kafin Kirsimeti sun rufe. Wato ranar da ka sauka, kana fama da sanyi da neman ɗaki, an riga an buɗe kasuwa. Ni na ce sai na gama jarrabawa, kamar yadda muka saba a gida. Ko da na waiwayo, kasuwa ta tashi.

Sai maganar biza, kuma nan ne gizo ke saƙar. Daga Yulin 2021 aka ba wanda ya kammala digiri damar zama shekara 2 ya yi kowane irin aiki, mai digirin digirgir shekara 3. Ba a sabunta ta. Kafin ta ƙare dole ka sami kamfanin da ke da lasisin ɗaukar baƙi daga Ma'aikatar Cikin Gida, ya kuma yarda ya tsaya maka. Sunayen irin waɗannan kamfanoni suna nan a intanet kyauta, amma sai da na ɓata wata huɗu ina aika takardu inda ko sun so ni ba su da ikon riƙe ni. Wani kamfani har ganawa uku muka yi, ana ta fara'a. Da na ambaci biza sai shiru, ko amsar wasiƙa babu.

Ga kuma albashi. Mafi ƙarancin abin da doka ta ce a biya irin wannan ma'aikaci fam 26,200 ne a shekara, a Afrilun 2024 ya koma 38,700, a Yulin 2025 ya kai 41,700. Akwai rangwame ga sabon mai digiri, amma duk da haka ƙaramin kamfani sai ya gwammace ɗan ƙasa. A 2025 ɗin ne kuma gwamnati ta sanar za ta mayar da shekara biyun nan wata 18 daga Janairun 2027. Mai iyali ya sani cewa tun Janairun 2024 aka hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da mata da 'ya'ya.

To me muka yi ta yi? Ɗaukar kaya a sito cikin dare, da aiki a gidajen kula da tsofaffi. Ba na raina sana'a, ita ta biya mini haya. Amma Malam, kai da ka koya mana lissafi, ka san ba don haka aka sayar da gonar gado ba. Waɗanda na ga sun dace galibi masu aikin jinya ne, da injiniyoyi, da 'yan kwamfuta, kuma tun makon farko suka riƙa sintiri a ofishin jami'a mai taimaka wa ɗalibai neman aiki.

Abokan aikina na gwamnati, ku karanta yarjejeniyar hutun karatu kafin ku sa hannu. Tallafin Chevening ma sharaɗinsa ka koma gida na shekara 2. Ni da bizata ta kusa ƙarewa na tattara kayana, ga shi ina ofis, saura kaɗan in gama biyan yayana bashinsa.

Mai tambaya ya same ni bayan sallar Azahar.