Tozon Kamshaf: Zanensa da Ƙirarsa a Injunan Motocin Zamani



Kusan duk wanda ya taɓa buɗe murfin saman inji ya ga kamshaf: sandar ƙarfe ce mai jerin tozaye, kowane tozo yana danna bawul ya buɗe, sifirin ya mayar da shi. Kiranshaf zai juya sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya, bel ko sarƙar tayimin ce ke riƙe da wannan lissafi. Tozon nan nake so mu zuba wa ido yau, domin siffarsa ce ke yanke yadda inji zai yi numfashi.

Mai zana tozo kullum yana tsaka mai wuya. In ya bar bawul ya daɗe a buɗe, inji zai shaƙi iska son ransa a babban gudu, amma a silo sai karkarwa da shan mai. In ya gajarta, silo ya yi luf, ƙarfi kuma ya gudu a kan titi. Ga gangaren tozon shi ma: da ya cika tsini, bawul zai faɗo wa kujerarsa da ƙarfi har ya yi tsalle. Shekara da shekaru sai dai a ɗauki ɗaya a haƙura da ɗaya.

Don warware wannan matsala, a 1980 Alfa Romeo ya fito da dabarar karkata kamshaf kaɗan inji na tafiya. A 1989 Honda ya kawo VTEC a injin B16A, wanda a ganina ya fi burgewa: tozo uku ne ga bawul biyu, ƙanana a gefe, babba a tsakiya. Da gudu ya kai, matsin baƙin mai zai tura wani ɗan fil ya kulle hannuwa ukun da tozayen ke dannawa, sai babban tozo ya karɓi aiki. BMW ya biyo da VANOS a 1992.

Ƙira ma ta sauya. A da narkakken ƙarfe ake zubawa, a sanyaya wajen tozo da sauri don fatarsa ta yi tauri. Yau masana'antu irin su Mahle suna ƙera kowane tozo daban da ƙarfe mai ƙwari, su matse shi a jikin bututu mai rami, nauyi ya ragu. Daga nan dutsen wasawa da kwamfuta ke sarrafawa ya goge tozon, kuskuren da ake yarda da shi bai kai kaurin silin gashi ba.

Abin da ke damuna shi ne, duk wannan aikin karkata kamshaf da sauya tozo baƙin mai ne ke ɗauke da shi. Motocin Kwatano da ke cika garejojinmu a Kano da Kaduna da yawansu masu irin wannan kamshaf ne. Mai ya tsufa, ya toshe 'yar rariyar da ke gaban makunnin tayimin, inji ya fara ƙara da sassafe. Ran da aka buɗe, sai ka sa farce a kan tozon da ya fito daga masana'anta sumul kamar madubi, ka ji yana karce.