Darasi Daga Gawo Da Fara



Mu dubi gawo. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tofo, shi yakan kaɗe ganyensa. Da rani kuwa sai ya yi kore shar, domin saiwarsa tana nutsawa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuma taki ne.

Farar hamada kuwa ɗai-ɗai take rayuwa. Amma idan ciyawa ta soma bushewa, suka cunkushe wuri guda, sai launinsu ya sake, su tashi runduna guda neman abinci, kamar yadda suka afka wa Nijar a 2004.

Kowannensu yana da dabarar tsira. Mu fa, da muke sare gawo don itacen girki, mece ce tamu?