Robar Hanci da Kumburin Pankiriyas



Kun dai san yadda abin yake a asibitocinmu. Da zarar likita ya ce za a zura wa maras lafiya roba ta hanci a riƙa ba shi abinci, sai dangi su koma gefe ana ƙus-ƙus, wani ma har ya fara buga waya gida wai jiki ya yi tsanani. To, akwai ciwon da wannan robar kan zama sanadin tashin mutum, wato kumburin pankiriyas mai zuwa farat ɗaya.

Shi pankiriyas ba saifa ba ne, ba kuma madaciya ba. Yana kwance ne a bayan tumbi, shi ke fitar da ruwan narkar da abinci da kuma sinadarin insulin. In ya kumbura, ruwan nan nasa sai ya koma yana cin naman jikinsa. Tsakuwar madaciya da shan giya su ne kan gaba wajen jawo shi, sai yawan kitse a jini. Ciwon kan murɗa a ƙahon zuciya ya ratsa har gadon baya, ga amai. Da yawa kan ɗauka olsa ce, su yi ta shan magani a gida. Wajen mutum 8 cikin 10 nasu mai sauƙi ne, sauran kuwa kan kai ga wani sashe na pankiriyas ɗin ya mutu.

A da, abin da aka koya wa likitoci shi ne a hana maras lafiya ko da kurɓar ruwa, wai a bar pankiriyas ya huta, a ciyar da shi ta jijiya. Maganar ta yi kama da hankali, ba a musu. Amma an manta da hanji. Hanjin da ya kwana biyu ba abinci bangonsa kan yi rauni, ƙwayoyin cutar da ke zaune a cikinsa su samu kafar fita, su je su mamaye mataccen naman nan. Wannan ruɓewar na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu ciwon. A 2010 ƙungiyar Cochrane ta haɗa sakamakon gwaje-gwaje 8, ta ga cewa waɗanda aka ciyar ta hanji sun fi tsira da rai, kuma sun fi kuɓuta daga kamuwa da ƙwayoyin cuta, a kan waɗanda aka ciyar ta jijiya. Ga shi kuma abincin jijiya tsada gare shi, ba kowane asibiti ke da shi ba.

Sai dai kada ku ce na ce kowa sai an sa masa roba. A 2014 an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Holan a kan mutum 208 da ake tsoron ciwonsu zai tsananta. Rabi an sa musu roba cikin awa 24, rabi an jira awa 72 aka ba su abinci ta baki. Ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba wajen mutuwa ko kamuwa da cuta, kuma kashi 69 cikin 100 na rukuni na biyu ba su ma buƙaci robar ba. Don haka ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka a 2018 ta ba da shawarar a fara gwada ci ta baki cikin awa 24 in mutum zai iya. In ya kasa, sai roba, ko wadda ta tsaya a tumbi ko wadda ta wuce zuwa ƙaramin hanji. Abin gudu shi ne a bar hanji wayam kwana da kwanaki.

Yanzu ku masu jinya. Don Allah kada ku zare robar don maras lafiya ya ce tana damunsa. Kada kuma ku faki idon nas ku ɗura kunu ko jiƙo a ciki; robar kan goce, abin ya faɗa huhu, kuma kunu mai kauri kan toshe ta. A fara da kaɗan-kaɗan ake yi, likita ne ke ƙara yawan. Ku tabbata an ɗaga kai da ƙirjin maras lafiya lokacin da ake ba shi abincin, kada a bar shi kwance shame-shame. In kun ga ciki na kumbura, ko amai ya dawo, ko ya kama tari da sarƙewa, ku kira ma'aikacin jinya nan take, ko da tsakar dare ne.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.