Matashin Bakin Iyaka da Kiran Allah



An nemi in yi magana a kan tambayar da ke hana matasa barci: me aka halicce ni in yi a duniya? Ga amsata tun da fari, hujja ta biyo baya. Allah yana kiran mutum a inda yake, da abin da ke hannunsa, kuma ba ya jira sai furfura ta fito.

Mu fara da inda muke. Ƙasar Bagudo bakin iyaka ce. Wanda ya wuce Tsamiya ya doshi Segbana ta Jamhuriyar Benin. Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme da Bakyange suna cin kasuwa ɗaya, naira da sefa suna kwana a aljihu ɗaya. Wannan albarka ce, amma da tarko a cikinta. Kowa a nan ya san yaron da ke ɗaure jarkokin fetur gaba da baya a kan babur, har ba a hango komai sai kansa, ya bi daji da tsakar dare fitila a kashe. Da safe ya dawo da sabuwar waya, sa'anninsa da ke aji suna kallonsa suna haɗiyar yawu. Ban zo in zage shi ba, talauci ne ya koro shi. Sai dai ku tuna watan Agustan 2019 da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ku tuna Mayun 2023 da aka cire tallafin mai. Sana'ar da sanarwa ɗaya daga Abuja za ta iya durƙusar da ita ba ta isa mutum ya gina rayuwarsa a kanta ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ikilisiya ba ta yi shiru da wannan damuwa ba. A watan Oktoban 2018 Fafaroma Francis ya tara bishop-bishop na duniya a Roma, suka shafe makonni suna tattaunawa a kan matasa da bangaskiya da yadda ake gane kira. Ranar 25 ga Maris 2019 ya sa hannu a kan wasiƙarsa ga matasa mai suna Christus Vivit. Abubuwa biyu nake so ku riƙe daga cikinta. Na farko, bai yarda a ajiye matashi a gefe ana ce masa lokacinsa bai yi ba. Na biyu, kira bai tsaya ga zama Fada ko Sista ba. Aure kira ne, aikin hannu ma haka. Manomin shinkafa a fadamar kogin Kwara, da ungozoma, da malamin firamare da ke shiga aji ko albashi ya makara, kowannensu yana iya amsa wa Ubangiji a bakin aikinsa.

Ga shaidu. Kizito yana da shekara 14 aka ƙone shi a Namugongo ta Yuganda ranar 3 ga Yunin 1886, tare da Charles Lwanga da abokansu, saboda sun ƙi barin bangaskiyarsu. Carlo Acutis ɗan Italiya ya rasu a 2006 yana da shekara 15. Gwanin kwamfuta ne, ya yi amfani da ita wajen yaɗa labarin mu'ujizojin Jibin Ubangiji a intanet, kuma ranar 7 ga Satumbar 2025 Fafaroma Leo na 14 ya sa shi cikin waliyyai. Wayar da ke hannunka ba ta gaza kayan aikinsa ba.

Kusa da gida kuma akwai Michael Nnadi, ɗalibin aikin Fada na Dayosis ɗin Sakkwato. 'Yan bindiga sun ɗauke shi tare da 'yan'uwansa ɗalibai uku daga makarantar Good Shepherd a Kaduna ranar 8 ga Janairun 2020. Ukun suka dawo, shi kuwa aka kashe shi yana da shekara 18. Ba na kawo sunansa don in tsorata ku, kuma Ikilisiya ba ta ce kowa ya nemi mutuwa ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa ɗan shekara 18 na iya sanin abin da ya sa a gaba. Ku dubi kuma Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, wanda ya zama bishop na farko na Dayosis ɗin Katsina a 2023. Da Hausa ya tashi, kamar yawancinku.

To, ta yaya ake gane kira? Hanyoyi uku ne, kuma ba a tsallake ɗaya.

Ta farko addu'a a cikin natsuwa. Ka ware lokaci kullum, ka kife waya, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ko ka ɗauki Rozari. Zuciyar da ba ta taɓa yin shiru ba ba za ta ji an kira ta ba.

Ta biyu shawara. Ka je wurin Fada, ko katikis, ko wata dattijuwa ta ƙungiyar mata ta Zumunta da ta san ka tun kana goye, ka tambaye su abin da suka ga ka iya. Sau da yawa na waje ya fi mai baiwa ganin baiwarsa.

Ta uku aiki. A sura ta 25 ta Bisharar Matiyu, bawan da aka hukunta bai saci komai ba, binne abin da aka ba shi ya yi don tsoro. A ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi, katikis ne ke buɗe ɗakin sujada, ya share, ya karanta Bishara, ya koya wa yara addu'a, sannan ya koma gona. Ka tsaya kusa da shi ka kama masa. Ki koya wa ƙannenki karatu. Ku kai wa marar lafiya ruwa ba tare da tambayar addininsa ba, domin a ƙasar da muke zaune da 'yan'uwa Musulmi ƙofa da ƙofa, halinku ne wa'azin da za a fara ji. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Iyaye, kalma ɗaya gare ku. Kada ku karɓi kuɗin da ba ku san inda ɗanku ya samo ba, kada kuma ku cire 'yarku daga makaranta don sadaki. Wanda ya nuna sha'awar aikin Ikilisiya a ƙarfafa shi, wanda ya zaɓi kanikanci ko ɗinki a sa masa albarka.

Ku kuma samari da 'yammata, kada makon nan ya ƙare sai kowa ya zaɓi aiki ɗaya na alheri da zai riƙe, ya kuma sami babba ɗaya da zai riƙa bin sawunsa. Allah ya ba ku basira da ƙarfin zuciya.