Aljihun Shago Daban, Aljihun Gida Daban

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar shekara, Malanville

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa 'yan kasuwa na nan Malanville da waɗanda suka taso daga Gaya da Kamba da Kandi, barkanmu da wannan rana.

A irin wannan taro an saba jin maganar duwan da kuɗin hanya. Yau mun roƙi izinin manya mu taɓo abin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba, wato kuɗin da gida yake ci.

Mu tuna abin da ya same mu cikin 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai a can, nan take kwalbar kpayo ta yi tsada a nan, kuɗin kabu-kabu da na dakon kaya suka bi ta. Bayan wata biyu sojoji suka karɓi mulki a Yamai, gadar da ke tsakaninmu da Gaya ta rufe, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya. Ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar bai buɗe ba, aka ci gaba da fito a kwalekwale.

A duk wannan lokaci ciniki ya tsaya, amma tukunya ba ta tsaya ba. Mu da ke riƙe da littafin ƙungiya mun lura da abu guda. Waɗanda suka kasa komawa kasuwa ba lallai masu ƙaramin jari ba ne. Yawanci waɗanda aljihun shagonsu da na gidansu ɗaya ne. Ana ɗiba don cefane, ana ɗiba don suna, ba a ankara ba uwar kuɗi ta tafi. Alhali da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba rayuwar ƙawa muke magana ba. Hatsi da cefane, haya, kuɗin ruwa da na wuta, makarantar yara, magani, man babur, gudummawar dangi. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 52,000 ne a wata. Mu auna da wannan. A ce mutum yana kashe sefa 500 kullum a shayi da goro da katin waya. A wata 15,000 ke nan, a shekara 180,000, fiye da albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci. Ba mu ce a daina shan shayi ba. Mun ce a san nawa yake ci.

Shawararmu huɗu ce.

Ta farko, a rubuta duk abin da ya fita don gida har wata ɗaya cur, da boko ko da ajami. Maigida ya zauna da uwargida, don ita ta san farashin kayan miya.

Ta biyu, kowa ya yanka wa kansa albashi daga riba, gwargwadon abin da rubutun ya nuna. Ranar da kasuwa ta yi kyau kada a ƙara, ranar da ta yi sanyi kada a taɓa jari. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Ta uku, hidimomin shekara ba baƙi ba ne. Mun san azumi zai zo, ragon layya zai zo, komawa makaranta a watan Satumba za ta zo. A haɗa kuɗinsu a raba gida 12, a riƙa zubawa a adashe ko a asusun CLCAM. Hatsi kuma a saya da kaka, tun yana araha. Biki da suna da ta'aziyya su ma a ware musu kaso, don zumunci wajibi ne, amma cin bashi don anko ba wajibi ba ne.

Ta huɗu, a tara ajiyar da za ta riƙe gida wata uku ko da ba a sayar da ko allura ba. A ajiye ta da sefa. Sefa tana ɗaure da yuro, kusan 656 kan yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta zube ƙwarai. Wanda ya ba da kaya bashi da naira ya san abin da ya dawo hannunsa.

Buɗe gada da rufe ta ba a hannunmu suke ba. Lissafin gidajenmu kuwa a hannunmu yake. Duk wanda rubutu yake masa wuya ya zo ofishin ƙungiya, za mu zauna da shi mu tsara littafinsa, kuma sirrinsa ba zai fita ba.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya kai mu baɗi da rai da lafiya.